Yatsan Kuku a Kan Dala

Ban taɓa mantawa da safiyar da ƙarar cokali a bakin murhu ta fito da ni daga ɗaki ba. Na idar da sallar asuba ina zaune ina lazimi, sai na ji ƙarat, ƙarat, ana kankarar toka ana zubawa a tasa. Ni kuwa na san ban sa kowa wanke-wanke ba.

Kafin in gaya muku ko wane ne, bari in bayyana yadda aikin yake a lokacin, don ku da kuke zaune a shagon yanzu kun tarar abubuwa sun canja. Bayan canjin kuɗi na 1973, da aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo, tsofaffin kuɗi suka zama tarkace a gidajen mutane. Maigidana Alhaji Sabo, Allah ya jiƙansa, ɗan koli ne a kasuwar Birnin Kudu. Shi ya gano wani dillali a Kano da ke sayen irin waɗannan yana kai wa Turawa da manyan ma'aikata masu tara su don sha'awa, musamman da kuɗin mai ya fara yawa a hannu. Alhaji ba ya karanta boko, ni kuwa na gama sakandare kafin aure. Ga shi yawancin kuɗin suna ƙasan adakar mata, su kuma ba za su je shago ba. Haka aikin dubawa ya faɗo kaina a tsakar gida, har Alhaji yake tsokanata da Manaja.

Nakan shimfiɗa farin ƙyalle, in ɗora kuɗin, in duba shi da gilashi mai ƙara girman abu. Wanda bai taɓa shiga kasuwa ba muna ce masa sabo dal, shi ne mai tsada. Sai wanda ya ɗan zaga amma rubutunsa na nan. Na ƙarshe shi ne wanda ya sha hannu, wannan nauyin ƙarfensa kawai ake biya. Dillalin ya ja mana kunne a kan abu biyu: a riƙe kuɗi ta gefe, kada yatsa ya hau fuskarsa, kuma kada a kuskura a wanke shi. Mu a wurinmu tsafta ce, su a wurinsu ɓarna ce.

To, ana gobe wannan safiyar da nake ba ku labari, da yamma, wata dattijuwa ta sauka gidanmu daga Gwaram a motar kasuwa, Iya Hansai, tare da jikarta Jummai, 'yar kimanin shekara bakwai. Ta ce ta zo da dala. Na ce rana ta faɗi, ba a duba kuɗi da fitila, su kwana sai da safe.

Da na fito da asubar nan, Iya Hansai na tarar tsugune a bakin murhu, ga toka a tasa, ga lemon tsami har ta raba shi biyu.

Na ce, "Iya, me za ki wanke da sassafen nan?"

Ta ce, "Dalar mana, 'yar nan. Akwai wani tabo a fuskarta kamar an ɗiga miya. Ai ba na miƙa miki abu da dauɗa ba."

Ban san lokacin da na janye tasar ba. "Don girman Allah, Iya, ki bari!"

"Ikon Allah! Yau na ga mace mai hana wanki. Boko ne ya koya muku haka?"

Na yi dariya, na ba ta haƙuri, na kawo musu koko da ƙosai. Tana sha tana ba ni labari. Mijinta, wanda ba ta kiransa da komai sai Malam, kuku ne. Ya yi shekaru yana dafa wa wani Bature ɗan Amurka da ke koyarwa a nan garin. Da Baturen zai koma gida sai ya ba shi dalar ƙasarsu cikin wani ɗan gidan roba mai haske, ya ce ya adana, kada ya buɗe.

"Ni da na ji dala," in ji Iya, "na ce sule biyu ne ladan tsayuwa gaban wuta shekara da shekaru? Ashe Bature ma akwai marowaci!" Kun san a da sule biyu muke kira dala.

Malam ya rasu bayan sun koma Gwaram. Tufafinsa an raba, sauran an yi sadaka. "Ko hoto bai bari ba. In mai hoto ya zo sai ya ce miyarsa za ta ƙone. Wallahi 'yar nan, wani lokaci nakan rufe ido in nemi fuskarsa, sai ta ƙi zuwa." Sannan ta ce ɗakinta yana yoyo, ga damina ta ƙarato, shi ya sa ta ɗauko dalar ko za ta yi kuɗin kwanon rufi.

Da rana ta fito na shimfiɗa ƙyallena. Ban taɓa riƙe kuɗi mai kyan wannan ba. Fuskarta kamar madubi, irin wadda ba don kashewa aka buga ta ba, don masu tarawa ne kawai. A gaba kan wani shugabansu ne mai sanƙo, Jummai ta leƙo ta ce kansa kamar ƙwarya, kakarta ta ce, "Ke, gidanku! Ba a zagin baƙo." A baya kuma gaggafa ce ta sauka a kan wata.

Sai tabon, ja-ja, a kusa da kuncin mutumin. Da na ɗora gilashi sai na ga ba miya ba ce. Zanen babban yatsa ne, layi-layi a kewaye. Gumi da maiƙon hannu in suka zauna a kan irin wannan azurfa, a hankali suke cinta, ba sa fita sai an kankare fuskar gaba ɗaya. A tsakiyar zanen kuma akwai wani layi a karkace da ya ratsa sauran.

Na je bakin zaure na sami Alhaji.

"Manaja, yaya?"

"Da babu tabon, da ta rufe ɗakin Iya. Da tabon, rabi ma da ƙyar. Da an wanke kuwa, sai dai kuɗin ƙarfe."

"To ki gaya mata yadda yake. Kada ki rage, kada ki ƙara."

Na dawo na gaya mata. Ba ta ji daɗi ba, na gani a fuskarta. Na ce, "Iya, wa ya taɓa buɗe gidan robar nan?"

Ta ce, "Wa kuwa, in ba shi ba? Sau ɗaya ne. Ya fito daga kicin hannunsa duk mai, ya ce shi ba zai ajiye abin da bai taɓa ba. Na ce Bature ya hana, ya ce ai Bature ya tafi."

"Malam yana da tabon yanka a babban yatsa?"

Ta ajiye ludayin kokonta. "Wuƙa ta yanke shi yana fiɗar rago, ranar sunan uban yarinyar nan. Ke yaya aka yi kika sani?"

Na miƙa mata gilashin, na nuna mata inda za ta sa ido. Idonta ya yi rauni, sai da na juya ta wajen haske. Ta daɗe a sunkuye. Can na ji tana salati a hankali.

"Shi ne," ta ce. "Wallahi shi ne. Yatsan nan da yake ɗanɗana gishiri da shi." Ta ɗago ta dubi tasar tokar da ke gefe. "Yanzu da kin ƙara jan carbi kaɗan, da na goge shi da hannuna?"

Hawaye ya zo mini. Jummai ta karɓi gilashin ta duba, ta ɗora nata ɗan yatsan a kan robar tana gwadawa.

Aiki aiki ne, dole in faɗi abin da ke gabana. Na ce, "Iya, ciniki yana nan in kina so. Alhaji zai ɗan ƙara miki a kai."

Ta mai da dalar cikin tsumma, ta ƙulle a bakin zaninta ƙulli biyu. "Ku bar kuɗinku, 'yar nan, Allah ya yi albarka. Ba bana ɗakin ya fara yoyo ba. Ina da tasoshi."

Alhaji da ya ji, sai ya sa aka ɗora mata tsofaffin kwanukan wata rumfa da ya rushe a motar Gwaram. Ba su isa rufe ɗaki ba, amma sun rufe saitin gado. Yana ta mita yana cewa, "Manaja, irin wannan ciniki naki sai a lahira za mu ga ribarsa."

Na yi shekaru bayan nan ina wannan aiki, kuma abin da ranar ta koya mini shi nake so ku riƙe. Ku iya ƙa'idar masu saye sosai, ku faɗi gaskiyar farashi ko da ba ta da daɗi. Amma in kun ga tabo, kada ku tsaya ga nawa ya rage. Ku tambayi mai kaya yadda aka yi ya samu. Gilashinmu yana nuna aibi ne kawai, mai kayan shi ya san ko na wane ne.

Da na rako su bakin ƙofa na ja kunnen Jummai da wasa, na ce, "Kun zo sayarwa, ga shi kun koma da kayanku."

Yarinyar takan bi kakarta wurin karɓar taki, ta saba ganin ana sa wa tsofaffi tawada a yatsa su dangwala a takarda, shaidar nasu ne. Sai ta ɗago ta dube ni kamar ni ce yarinyar, ta ce:

"Ai ba ta sayuwa, Gwaggo. Kakana ya riga ya dangwala, tasa ce."