Tsintsiyar Iya da Filin Ɗorawa

Tun ina ƙarama ni mai fargaba ce. Ko ƙofa na rufe sai na koma na taɓa ta sau biyu. Shi ya sa kakata Iya ta sa mini suna Uwar Zulumi.

A lokacin garinmu Abuja ake ce masa, ba a mai da shi Suleja ba tukuna. Gidanmu yana bakin unguwa, ta wajen unguwar Magajiya. Bayan katangarmu akwai fili mai ɗorawa bakwai. A nan ake shanya, a nan awaki ke kiwo, a nan matan Gwari ke sauke tukwane daga kafaɗa su huta kafin su shiga kasuwa. Iya sana'arta daddawa ce, kalwa kuwa ba ta nuna da wuri. Saboda haka wutarta takan kai har bayan magariba, mu jikoki mu kewaye murhun, tana iza itace tana yi mana tatsuniya.

"Ga wata baƙuwa nan tafe, wa zai ba ta tabarma?"

"Ta zauna mu ji ta!" Haka muke amsawa.

Wadda ta fi zauna mini ita ce ta bushiya. Wai dabbobi suna da dandali a tsakiyar garinsu. Kowa yana shan iska a wurin, amma kowa yana cewa wani zai share. Ciyawa ta rufe shi. Bushiya ce kaɗai take share ɗan lungun da take zama, kullum da safe. Rannan kura ta zo wucewa, ta ga ciyawa, ta haƙa rami a gefe. Bushiya ta kai kuka, aka yi mata dariya, aka ce rami ɗaya ne. Kafin damina ta fita, dangin kura sun cika dandalin. Da aka kai ƙara, zaki ya zo ya zagaya, ya ce, "Kun ce naku ne. To ina sawunku? Ina shararku?" Lungun bushiya kaɗai aka samu da shatin tsintsiya, shi kaɗai aka bar musu.

"Shi ya sa har gobe bushiya da tsintsiyarta take yawo a baya," in ji Iya. "Tabarmar baƙuwa ta naɗe, kowa ya je ya wanke ƙafa."

Na tambaye ta ko kurayen za su dawo. Ta ce, "Uwar Zulumi, kura ai ba ta fasa zuwa. Ke dai ki riƙe tsintsiyarki."

Shekarar da na gama firamare, labarin sabon birnin tarayya ya riga ya cika gari. Baƙi suna ta shigowa, ana neman wurin gini. Wata safiya na fita zubar da toka, sai na ga turaku masu jan kai a jere, sun ratsa filin har gindin ɗorawa. Gabana ya faɗi. Mai unguwa ya ce fuloti za a yanka, kuma masu dubawa za su dawo bayan mako biyu. Mazan unguwa suka ce abin hukuma sai ido. Yayana ya ce mu tumɓuke turakun.

"Wanda ya taɓa turke ɗaya ni da shi ne," in ji Iya. "Ba mu kafa ba, ba za mu cire ba. A kawo tsintsiya."

Washegari muka fita, tsofaffi da 'yan mata da matan gidajen haya. Damina ta bar ciyawa har gwiwa. Muka nome, muka share, aka shimfiɗa tabarmi, aka baza kalwa da barkono da kuɓewa. Ni ina shara ina waige, don na tabbata za a zo a kama mu. Iya ta kuma sa ni rubuta takarda zuwa ofishin filaye, tunda ni ce mai boko. Sau huɗu na sake ta. Na lissafa duk mai amfani da filin, har da makafi biyu da ke tufka igiya a inuwa, don ina tsoron in manta wani in ɗauki alhakinsa.

Kullum sai mun share. Ranar da ma'aikacin ya zo, ya buɗe taswira a kan mota, ya ce, "Iya, wurin nan a takarda daji ne."

"Ɗan nan, ka taɓa ganin daji da shatin tsintsiya?" in ji Iya.

Maman Chidi, 'yar hayar maƙwabtanmu, ta riƙe ƙugu. "Oga, barkonona fa? A kanka zan shanya?"

Mutumin ya yi dariya, amma ya zagaya filin a ƙafa, yana tsallake tabarmi, yana rubutu. Ni na miƙa masa takardar.

Ba duka muka samu ba. An yanka gefen gabas, aka sare ɗorawa uku. Iya ta tsaya ta kalli faɗuwarsu. Amma aka bar mana huɗu, da hanyar matan Gwari, aka rubuta wurin a matsayin filin jama'a.

Da ina yarinya na ɗauka tatsuniyar tana koyar da tsabta ne. Sai da na girma na gane Iya ba ta taɓa ce mini in daina tsoro ba. Abin da za a yi da shi ta nuna mini. Yanzu gidaje sun matse filin ta ko'ina, keke napep na bi ta gefensa, ɗorawa biyu suka rage. Bara ma na ga wani ya sauke bulo a bakinsa, wai na kwana biyu ne. Gabana ya faɗi kamar dā. Ban yi masa faɗa ba. Na sa jikata ta rubuta wa mai unguwa, ni kuma na ɗaure ƙugu na share kewayen bulon tas, har ya kwashe kayansa.

Bayana ya fara ciwo, amma tsintsiyar tana bayan ƙofa. Ita ma sai na taɓa ta sau biyu kafin in rufe.