Ramin Idon Goggo

Goggo, ƙanwar mahaifina, atamfa da leshi take sayarwa a kasuwar Tudun Wada. Shekarar da ta yi doguwar jinya ni na zauna mata a shago. Allah ya ba ta lafiya, ƙarfinta ya dawo, amma ƙasan idanunta ya zurma, ya ƙi cikowa. Duk wanda ya shigo shago, kafin ya taɓa zane sai ya yi mata ya jiki. Da farko tana amsawa da godiya. Daga baya abin ya ishe ta, don ita ta san ta warke.

Wata mai sayen leshi ce ta ba ta labarin allurar da ake cike ramin ido da ita, ta ce akwai wata mata a unguwar Hanwa da ke yi a gidanta. Goggo ta ce in raka ta.

Matar ta tarbe mu da fara'a, ɗakinta fes. Ta nuna mana hotunan 'yan matan da ta yi wa allurar a waya, Goggo ta duba ta yaba, sannan ta nemi ganin kwalin maganin. Matar ta ce ta yar da kwalin, maganin yana cikin sirinji a shirye. Goggo ta tambaye ta in abu ya ɓaci me ake yi. Ta ce ai bai taɓa ɓaci ba. Goggo ta zaɓi kwalbar humra ɗaya cikin waɗanda matar ta jera na sayarwa, ta saya, ta yi godiya muka fito. A cikin keke na tambaye ta me za ta yi da humra alhali durowarta cike take. Ta ce ba ta so mu fito mu bar baiwar Allah da kunya.

Na zaci maganar ta mutu ke nan. Ashe Goggo bin ta take a hankali. Sai da ta tambayi malamarsu ta Islamiyya ko allurar ta halatta, hankalinta ya kwanta, sannan wata maƙwabciyarmu ma'aikaciyar jinya ta haɗa ta da likitar fata, wata dattijuwa Kirista 'yar Wusasa.

Likitar ba ta yi mata allura a ranar ba. Ta tura ta gwajin jini, ta tambayi duk magungunan da take sha, ta ɗaga fuskarta wajen taga tana lallatsa fatar. Ta ce irin maganin da za ta sa mata ana iya narkar da shi in bai zauna daidai ba, ta buɗe firij ta nuna mata maganin narkarwar.

"Hajiya, akwai jijiyoyin jini kusa da ido," in ji ta. "In maganin ya shiga ɗaya, mutum na iya rasa gani. Ba kasafai yake faruwa ba, amma ba zan ɓoye miki ba."

"Yanzu na ji magana, Likita," in ji Goggo. "Bari in je in yi shawara da raina."

Da muka koma, a gabanmu aka ɓare kwalin maganin, Goggo ta sa tabarau ta karanta ranar lalacewarsa da kanta. Kaɗan aka sa mata. Aka hana ta murza wurin da sa kwalli na ɗan lokaci, aka ce in ta ji zafi mai tsanani ko ganinta ya dushe ta dawo nan take.

Ƙasan idonta na hagu ya yi baƙi ya ɗan kumbura. Na ce ta huta a gida har ya washe, ta ƙi. Ta fita kasuwa a haka, kuma duk maƙwabciyar shagon da ta tambaya sai ta gaya mata gaskiya, har da haɗarin. Wasu suka yi ta gulma wai tsohuwa na neman yarinta. Ko a jikinta.

Da kumburin ya saɓe, fuskarta ta yi haske kamar ta wanda ya yi barci ya ƙoshi. Ta koma ta nemi a ƙara mata kaɗan, likitar ta ce a'a, fatar wurin siririya ce, ƙari zai ɓata aikin. Goggo ta yi dariya, ba ta ja ba. Ranar sallah ta sa aka kai wa likitar turmin atamfa mai ruwan ganye, da kwanon cincin na hannunta.