Ganyen Wake da Raɓa

Har yau idan na ga sa guda ɗaure a turke ba abokin huɗa, sai raina ya ɓaci.

Ƙanena yana da shanun huɗa biyu, fari da ja, da su yake ciyar da gidansa. Shekarar da na gaji da yawon duniya na dawo gida, rani ya yi tsawo, harawa ta ƙare, shanun suka rame. Wani maƙwabcinmu mai noman rani a bakin ruwan Watari ya gama roron wakensa, ya aiko a kawo shanu su cinye ganyen, su bar masa taki. Haka ake yi a wurinmu, zumunci ne.

Da muka fito sallar asuba na tarar da ƙanena yana kwance igiyar shanun.

Na ce, "Ba su busasshen kara tukuna. Ka bari rana ta shanye raɓa."

Ya ce, "Yaya, banza ta faɗi, in tsaya jiran rana? Awakin gari su riga ni?"

Na gaya masa abin da na gani a Sudan: ba a sakin dabba mai yunwa cikin ɗanyar ciyawar ban ruwa. A Adamawa ma Fulani sun gaya mini haka da harshensu. Ganye mai laushi idan ya sami ciki wayam kumfa yake yi, kumfar ta hana dabba gyatsa, iska ta taru ba mafita.

Ya yi dariya. "Nan ba Sudan ba ce, Alhaji." Ba ya ce mini Alhaji sai zai yi mini ba'a.

Da hantsi aka aiko in zo gonar waken. Farin san yana tsaye ya ware ƙafafu, yawu na dalala, gefen hagunsa ya cika tim, in ka buga kamar ganga. Mutane sun yi masa zobe, kowa da bakinsa. Wannan ya ce kambun baka ne, wancan ya ce mai gona ya zuba wani abu. Babu wanda ya ambaci raɓa.

Na ce a gitta masa sanda a baki, a ɗora ƙafafunsa na gaba a kan tudu, in nemo man gyaɗa a ɗura masa. Mahauci kuwa har ya iso, yana wasa wuƙa.

"Malam, a yanka kafin ya zama mushe!" Haka yake ta zuga ƙanena.

Na roƙe su da girman Allah su jira ni. Na shiga gidan da ya fi kusa, da tsufana ina sassarfa. Na fito da kwalbar mai a hannu, na tarar da jini yana bin kunyar gonar.

Da aka farke tumbin, koriyar kumfa ta bulbulo. Na nuna wa ƙanena na ce, "Ga kambun bakan naka nan." Ya kau da kai.

Ban ce lalle man zai tashe shi ba. Na ga inda ya yi aiki, na ga inda ya makara. Abin da ke ci mini rai, dami guda na kara da ɗan haƙuri sun isa, kuma duka biyun suna gidan.

Damina ta faɗi, jan sa shi kaɗai ba ya jan garma. Ƙanena ya koma garmar hannu da furfurarsa, rabin gonarsa ya kwana saura. Maƙwabcin da ya yi masa alheri kuwa, har yau ƙanena ba ya amsa gaisuwarsa.