Shekarar da Ɗari Ya Ƙi Zuwa

Akwai shekarun da mutum ke tunawa da su saboda aure, ko haihuwa, ko rasuwa. Ni kuwa wadda ta zauna mini daram a zuciya, wadda na san ba za ta goge ba har in koma ga Allah, ita ce shekarar da ɗari ya ƙi zuwa fadamarmu, albasar gidanmu tana ƙasa, kuma karo na farko ke nan da aka bar mini garka, wato lambun gidanmu, a hannu.

Ƙauyenmu yana kusa da Sabon Gida, cikin ƙasar Madawa. Da damina gero da dawa da wake muke nomawa kamar kowa, amma abin da ya sa aka san gidanmu albasa ce. Ba don yawa ba, akwai waɗanda suka ninka mu. Albasar mahaifina ja ce mai sheƙi, mai siririn wuya, mai yaji, kuma in an jera ta a rudu, wato rumbun karan da ake ajiye albasa, takan kai tsakiyar damina ba ta yi komai ba. Irin tun na kakanmu ne. Kowace shekara Baba da kansa yake zaɓen ƙwayoyin da za a ajiye, a mayar da su ƙasa su yi fure su ba da iri.

A shekarar, an gama dashe da ƴan kwanaki sai ciwo ya kayar da shi, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, magana ma sai a hankali. Ina birnin Tawa a lokacin ina gyaran injinan ban ruwa. Na tattaro matata da yara na dawo gida. In faɗi gaskiya, da girman kai na dawo. Ina ganin wanda ya iya kwance inji ya ɗaura, albasa ba za ta gagare shi ba.

Abin da ban ba muhimmanci ba shi ne, albasa da sanyi take girma. Cikin kwanakin ɗari take kafa saiwa, ta tara ƙarfi a hankali, sai zafi ya shigo sannan ta zuba kai. Wadda aka dasa don iri kuwa, in ba ta sha sanyi ba, ba ta fidda fure sosai. To, a shekarar nan kaka ta wuce, kwanakin ɗari suka kama a lissafi, amma gari shiru. Tsofaffi suna zuwa sallar asuba ba bargo. A kasuwar Madawa masu sayar da rigunan sanyi sai korar ƙuda suke.

Kullum da safe in na shiga gaishe da Baba, tambaya ɗaya yake yi mini.

“Ruwan alwala ya cije ka yau?”

“A’a, Baba, kamar an ɗumama shi.”

Sai ya juya fuskarsa bango. Wannan juyawar ta fi kowace magana tayar mini da hankali.

Na kasa zama wuri guda. Sai in tafi garka in dawo, ban daɗe da zama ba in sake tashi. Rediyo na manne da kunnena ina jiran labarin yanayi. Ranar kasuwar Buza na je, ba don saye ba, don kawai in ji ko can sanyi ya sauka. Wani mutumin Keita ya ce mini su ma haka, har mangwaronsu ya rikice. Maimakon in sami sauƙi, sai abin ya ƙara cin raina. Ga kuma ƙananan ƙwari da zafi ke kawowa sun shiga wuyan ganye, lawashi ya fara yin fari-fari, ya tsaya cik ba ya ƙara tsawo. A fangalin da Baba ya dasa na iri kuwa, wato kwamin da ya ware a garka, kan fure ɗaiɗai ne suka leƙo.

A nan ne na yi abin da har yau in na tuna nake cizon yatsa. Na ce tunda sanyi ya ƙi, bari in tura ta da ƙarfi. Na sayo takin zamani, wanda muke ce wa angire, na zuba ninkin abin da Baba ke zubawa, bayan kwana goma na sake. Na tayar da inji safe da yamma, fangali ba ya bushewa. Kuma wallahi abin ya yi kyau a ido. Ganye ya yi kore shar, ya miƙe har gwiwa. Masu wucewa suna tsayawa suna cewa ɗan ya fi uban. Ni kuma ina jin daɗi.

Inna ce ta fara kai wa Baba labari. Da na shiga ya ɗago ido ya dube ni.

“An ce garka ta yi kore. Mi ka ba ta?”

“Angire kaɗan na ƙara mata, Baba.”

“Kaɗan,” ya maimaita. Ban iya haɗa ido da shi ba.

Zafi ya shigo da wuri, albasa ta zuba kai manya-manya, wata kamar ƙoƙo. Muka tuge ta, muka jera a gona muka rufe da ganyenta don ta sha iska, yadda aka saba. A rana ta uku, wajen la’asar, sai ga hadari daga gabas, a lokacin da ba a san ruwa ba. Da farko dariya muka yi. Kafin mu ankara iska ta juya, aka fara sako shi. Fadama ta rikice, kowa na gudu da abin da hannunsa ya kai, wasu leda, wasu tabarma. Na ga wani dattijo maƙwabcinmu ya tuɓe babbar rigarsa ya shimfiɗa a kan tsibin albasa, ya tsaya yana kallon sama. Ruwan bai daɗe ba, amma ya jiƙa komai. Washegari kuma rana ta fito da zafinta kamar ba a yi ba.

Bayan kwana biyu Baba ya ce a kai shi garka. Inna ta hana, ya kafe. Muka shimfiɗa masa katifa a amalanken jaki, na ja a hankali har bakin fangali. Ya ce in miƙo masa guda. Na zaɓo wadda ta fi girma. Ya karɓa da hannunsa mai lafiya, ya danna wuyanta da babban yatsa, yatsan ya shige. Ya kai ta hanci ya daɗe yana shinshinawa.

“Wagga albasar ci ta, ba ta ajiya ba,” in ji shi. “Ruwa na cikinta. Ka kai ta kasuwa tun gobe, kuma ka hwaɗa ma mai saye kar shi aje ta.”

“Baba, yanzu kowa zubawa shikai, kasuwa ta cika. In munka yi haƙuri wata biyu…”

“Ba ta kai wata guda.”

“Amma dibi girmanta, Baba.”

Ya dube ni, bakinsa na rawa kafin maganar ta fito. “Shekara ita ka yin albasa. Kai dai taimaka mata kakai.”

Na ce to, amma a baki kawai. Na sayar da kaɗan don a ce na bi magana, sauran na cika rudu biyu da ita. Na ware manya-manyan na ce su ne za a mayar ƙasa baɗi. Daga nan zirga-zirgata ta koma tsakanin gida da rudu. In buɗe in leƙa, in rufe, in kai bakin hanya in dawo in sake leƙawa. Abinci ma a tsaye nake ci. Matata ta ce mini, “Malam, in lahiya take, mi ka kai ka kullum?” Ni kuwa zuciyata ta riga ta san abin da nake jira.

Ba a cika mako uku ba na ji warin tun kafin in isa. Ƙudaje sun yi baƙi a jikin kara, wani baƙin ruwa na ɗiga ta ƙarƙashin rudu. Na sa hannu na ɗauko ɗaya, ta narke a tafina. Yini uku ni da Inna da matata muna tsince mai rai daga cikin ruɓaɓɓiya, abin da muka fitar bai taka kara ya karya ba. Waɗanda na ware don iri su suka fara tafiya. Ƴan kawunan furen da suka fito a fangalin Baba kuwa, da muka murza su sai ƙaiƙayi. Sai a lokacin abin ya fito mini fili: ba amfanin shekara guda kaɗai na rasa ba, irin gidanmu ne ya ƙare a hannuna.

Na shiga wurin Baba na durƙusa na faɗa masa komai, har da yawan takin da na ɓoye. Na so ya zage ni, da na ji sauƙi.  Sai kawai ya ce, “Tahi Karofane wurin gwaggonka.”

Gwaggo ƙanwarsa ce, tana da ƴar garka a bayan gidanta, kuma ashe kowace shekara yakan aika mata iri. Na same ta tana sussukar gero. Ta saurare ni har na gama, ba ta ajiye taɓarya ba.

“Kai ɗana, da ka ga gari bai yi sanyi ba, wa ka tambaya?”

“Ba kowa, Gwaggo.”

“Ga ubanka kwance ɗaki, bakinai na aiki ko da hannu ba ya yi. Rediyo ta hi shi sanin garkarku?”

Ta shiga ɗaki ta fito da wata ƴar kwalba da aka toshe da tsumma. Irin bara ne. Ta ce ita tunda take ba ta taɓa zuba iri duka a ƙasa ba, don ba ta san da wace fuska shekara za ta zo ba. Ta zazzage rabi a tafin hannuna, ta mayar da rabi. Baƙaƙen ƙwayoyin nan ko cikin hannu ba su yi ba. Na ƙulle su a bakin rawanina, kuma har na iso gida hannuna na kan ƙullin.

Da lokacin zuba iri ya zo, wajen rabinsu ne suka tsiro. Shekara uku muka yi kafin albasarmu ta koma yadda aka san ta. Baba ya ga ta farko, ya danna wuyanta ya gyaɗa kai. Bai ga ta biyu ba, Allah Ya jiƙansa.

Yanzu ni ma furfura ta fito mini, kuma na ga shekaru iri-iri, masu sanyi da marasa shi. Abin da waccan ta koya mini shi ne, in yanayi ya sauya, ba ƙarfi ake sa masa ba. Mutum ya tsaya ya dubi abin da shekara ta ba shi, ya tambayi wanda ya riga shi gani, ya rage buri daidai da ita. Ni a lokacin kai da kawowa nake yi ina ce masa aiki. Zafi da ruwan da ya zo ba lokacinsa ba sun ci rabin albasarmu, wannan daga Allah ne. Ɗaya rabin kuwa ni na kashe shi da hannuna, kuma duk a cikin ƙoƙarin ceto shi.