Ranar da Wuƙaƙen Mile One Suka Huta

Ana sallame sallar asuba muka bar Inugu, ni da abokan sana'ata biyu, a wata tsohuwar Fijo mai tari kamar ta kwana a ruwa. Saƙon mahautan garinmu muka ɗauko: ranar Asabar a ajiye wuƙa, ko akuya kada a yanka, saboda 'yan makarantar da 'yan sandan Turawa ke harbewa a Afirka ta Kudu don sun fito neman 'yancinsu. Ba mu da jirgi, ba mu da bindiga. Wuƙa muke da ita, ita za mu ajiye.

Hanyar Anaca kam sai addu'a. Kuɗin mai ya shigo, kowa ya yi babur da rediyo, amma ramukan da yaƙin basasa ya bari suna nan daram. Motocin siminti suka sa mu gaba har rana ta take. Doyar da bara ake tula maka da fara'a, bana sai ka yi gumi wajen ciniki.

A unguwar Fegge ta Anaca mahauta suka karɓe mu hannu bibbiyu. Aka kawo sakwara da miyar agushi, abokin tafiyarmu da ya rantse ba ya cin abincin Kudu shi ya fara neman ƙari. Sun yarda da saƙon, amma da sharaɗi: sai in Sarkin Pawan Fatakwal ya amince, don shi ne babbansu duka.

Ruwan sama ne ya yi mana maraba a Fatakwal, da ƙamshin gasasshiyar ayaba da kifi. Muka iske dattijon a rumfarsa a kasuwar Mile One, muka durƙusa muka gaisa, na isar da saƙo.

"Ɗana," in ji shi, "ka san yadda muka dawo garin nan bayan yaƙi? Da tabarma. Rumfar nan da roƙo na karɓo ta. Yanzu baƙo ne zai hana gari nama? In suka fusata suka sake korar mu, kai za ka ci da mutanena?"

Raina ya ɓaci, amma gaskiya ya faɗa. Na dai bar masa jaridar da na zo da ita, mai hoton wani yaro cikin rigar makaranta yana gudu, 'yan sanda na bin sa. Kwanakin da suka rage muka yi su muna zaga unguwar Mile 3, ko abinci ba ya mini daɗi.

Ranar Asabar muka shiga kasuwa. Sai ga teburan nama a wanke fes, babu ko ƙashi. Wuƙaƙe a jere, mahauta cikin kayan Juma'a, kowa zaune gaban rumfarsa, jaridar nan kuma a manne a rumfar Sarkin Pawa. Ashe tun ranar Juma'a ya tura direba Anaca da amsarsa.

Mata masu sayar da abinci suka taru da kwanoninsu suna ta masifa, har wani kofur ɗin 'yan sanda ya ratso.

"Baba, wetin happen?" ya tambayi Sarkin Pawa da Turancin buroka, wato me ya faru.

"Oga, knife dey rest. Dem dey kill pikin," in ji dattijon, wato wuƙa hutawa take, ana kashe yara.

Nan na ce yau mun shiga uku. Wata mata mai ƙiba, wadda ta fi kowa ɗaga murya, ta matso ta ƙura wa hoton ido. Can sai ta kife kwanonta a ƙasa ta zauna a kai. Ta kusa da ita ma ta kife nata. Kafin azahar layin ya cika da masu zama, namu da nasu, kofur ɗin ma ya cire hula ya tsaya a gefe. Wallahi ban taɓa jin alfahari da sana'ar ubana kamar ranar ba.

Da na je sallama, dattijon ya riƙe hannuna.

"Ranar da muka gudu daga garin nan, autana yana bayana, shi ma da rigar makaranta. Har yau ban ga kabarinsa ba. Ka gaida mutanen Inugu."

Mun iso gida da la'asar ɗin Lahadi, Fijo na ta tarinta. Ban sani ba ko labarinmu zai kai Afirka ta Kudu. Abin da na koyo dai shi ne, ni na ɗauka jarunta na kai wa tsoho daga Inugu, ashe ganin ta na je yi. Ni cinikin yini ɗaya na bari. Shi kuwa garin da ya riga ya cinye masa ɗa ya sake bai wa amana, da rana tsaka, ba wuƙa a hannunsa.