Inna Orosia da Irin Farar Borraha

Inna Orosia Lanau ba ta shiga lambu sai raɓa ta bushe. Shekara hamsin ke nan, in watan Yuni ya kama, da hantsi za ka gan ta ta nufi bakin kogin Ebro da tsofaffin zannuwan gado a kafaɗa. Ta shimfiɗa su a ƙarƙashin borraha, ganyen nan mai ƙaiƙayi da muke dafawa da dankali da man zaitun, ta bi tushe-tushe a durƙushe tana girgizawa. Irin borraha ba ya nuna lokaci ɗaya. Wanda ya yi baƙi yau, yau zai faɗi, in ka makara tururuwa sun riga ka. Sati uku ake wannan durƙuso, ba fashi.

Sauran aikin a ɗakin saman gidanta yake. Ganye a kan raga, a inuwa, kada wani ya hau wani ya yi baƙi. Fure a kan takarda, don masu shayin mura. Iri kuwa sai ya yi wata guda yana shan iska, ta ciza ta ji ƙas, sannan ya shiga gwangwani. Daga gwangwanin nan duk ƙauyenmu ke shuka, kuma ban taɓa jin wanda ya tambayi yadda yake cika ba. Mu dai mu miƙa hannu.

Tamu mai farin fure ce, ta fi ta daji mai shuɗin fure laushi, shi ya sa Inna ba ta ƙaunar ganin shuɗin fure a kusa. Nicasio mai kiwon zuma ya taɓa barin shuɗiya ta tsiro a bakin shingensa. Da rana tsaka, a kan idon jama'a, ta tuge ta tas. Ya fito yana kumfar baki, wai ƙudan zumansa ba ruwansu da launi.

Ta ce, "Ai shi ne matsalar, Nicasio. Su sha naka, su zo su shafa wa nawa. Kai da ko gishiri ba ka ji a abinci, ina ka san bambanci?"

Bara aka zo inda ake gudu. Ƙanƙara ta kashe iri shekara biyu a jere, abin da ya rage a gwangwani ya tsufa, rabinsa ba ya tsira. In ba a tara sabo ba, farar borrahar ƙauyen ta tafi ke nan. Ita kuma gwiwarta ta dama ta ƙare. Wata goma sha huɗu tana jiran a yi mata aiki a asibitin birni, da takarda ta zo sai ga rana a tsakiyar Yuni.

'Yarta Casilda ta taso daga Zaragoza, ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta ce akwai iri a kanti. Inna ta ce na kanti na masu kanti ne. Casilda ta bi gida-gida neman wanda zai karɓi girgizar sati uku. Kowa da uzurinsa. Ni ma na ce ina da aiki, kuma har yau ina jin kunyar maganar.

"Mama, iri ne fa kawai."

"Gwiwa ba inda za ta, 'yar nan. Shi kuwa faɗuwa yake yi."

Ta bar ranar ta wuce. Ta yi sati uku tana jan jiki a kan buhu tsakanin kunya da kunya. Gwangwani ya cika, sunanta ya koma ƙarshen layin asibiti, yanzu da sanda biyu take zuwa coci. Ta ce ta ajiye aikin tara iri, kuma babu mai bakin cewa ta yi sauri.

Ke ce, Inna, kika ciyar da ƙauye da ƙafarki, mu muna lasar cokali. Uwar iri, mai hana shuɗi shiga gari. Ba ki nemi godiya ba, na kuma san za ki ce surutu ne, duk da haka mun gode.

Makon jiya asibiti suka sake aiko takarda: sha ɗaya ga Yuni. Casilda ta rantse ko a ɗaure sai ta kai ta. Borraha kuwa har ta fara fure. Duk wanda ya ci ganyen nan da sanyin bana, ya je ya koyi durƙuso tun tana gida, tun tana iya nuna masa da sanda.