Ganyen Uwa Ɗaya

Shekarar da Kafanchan ba lafiya, Baba ya kai mu ƙauye wajen Kaka, can bayan Fadan Kagoma. Da an gama cin tuwon acca sai ta tura itace cikin wuta ta ce, "Ku matso. Kai maigidana, daina leƙen hanya. Wa zai sace ka da wannan ƙaton kai?" Da ni take, don tun ina ƙarami komai tsoro yake ba ni.

Tatsuniya ɗaya ce ta zauna mini a ƙirji. Ta ganyen nan ce mai ɗaci da ke fita a kan dutse, wanda ake dafa wa mai tarin da ke shaƙe numfashi. Wai wasu mutane suka gaji da hawan dutse, suka yanko reshen wanda ya fi kyau suka dasa a gida. Maƙwabci ya yanka a wurin maƙwabci har gari ya cika, na dutse kuma aka bar wa wutar daji. Wata damina baƙin tabo ya fito a ganye ɗaya. Kafin a yanke acca duk sun bushe.

"Duka, Kaka?" in ji ƙanwata Saratu.

"Duka. Ai uwarsu ɗaya. Ciwon da ya shiga ɗaya ya san ƙofar sauran. Na dutse kuwa kowa da danginsa, a kama wannan, wancan ya ƙi."

Na ce, "To masu tarin fa?"

Kaka ta ƙara tura itace cikin wuta. Sai ta ce, "Ku je ku wanke ƙafa."

Ita ba ta taɓa dasa shi ba. Hawa take yi, ta tsinka kaɗan nan, kaɗan can. Da gwiwa ta hana ta, Baba ya dasa mata guda a bayan ɗaki, tana faɗa. Bayan rasuwarta aka share dutsen tun daga gindi aka zuba citta, ganyen ya ƙare a can, kowa ya zo ya yanki reshe a gidanmu.

Na girma na yi aure, Allah ya ba ni 'ya, Rifkatu, ita ma da tarin nan. Ganyen ne ke buɗe mata ƙirji. Sai ga masu bincike daga jami'a suna bin duwatsu da gidaje, suna tsinkar ganye. Shugabarsu, wata malama, ta ce ganye ma yana da alamar gado a cikinsa, kuma na'ura tana nuna ta.

Da ta dawo ta ce, "Baban Rifkatu, na ƙauyenku duk alamarsu iri ɗaya ce, kamar jiki ɗaya aka yayyanka. Masu bambanci a wani dutse kusa da Nok kawai muka samu, su ma ba yawa."

Ni firamare kawai na yi, ban san yadda na'urar take gani ba. Amma ranar na gane Kaka ba tsoratar da yara take yi ba. Ta ga inda muka nufa ne, ta rasa wanda za ta faɗa wa sai mu.

Na hau babur na je Nok. Na samu mai gonar da ke gindin dutsen, na durƙusa na roƙe shi don Allah kada ya share wurin, ko da bakin kogon da ganyen ke fita ne kawai ya bari. Ya yi dariya ya ce, "Ɗan'uwa, a kan ciyawa ka zo? To, zan duba."

Da zan tafi na waiga. 'Ya'yansa sun riga sun fara hawa, kowa da adda a hannu.